Baƙar Humra: Turaren da Nake Zaɓa wa Kowace Amarya

Idan amarya ta tambaye ni turaren da za ta shafa ranar aurenta, ba na tsayawa dogon tunani. Humra nake cewa, kuma baƙa, irin wadda matan Barno ke haɗawa da hannunsu, su toshe bakin kwalbar su manta da ita watanni kafin a buɗe. Na shaƙi turarukan Faransa masu tsada, na shaƙi na Dubai da suka cika akwatunan lefe a 'yan shekarun nan, kuma da yawa daga cikinsu ina son su har raina. Amma ranar da za a lulluɓe yarinya a kai ta ɗakinta, ranar da za ta wuni cikin mutane tun hantsi har tsakar dare, babu abin da ke tsaya mata kamar humra. Duk wadda ta taɓa rungumar amaryar Maiduguri, ta koma gida ta tarar ƙamshin ya biyo mayafinta, ta san abin da nake faɗa.

Bari in fara da ƙamshin kansa, don shi ne ya sace ni. Da an buɗe kwalbar, abin da ke fara tarbar hanci yana da kaifi: yajin kanumfari, da ɗan zafin ruwan turaren da aka jiƙa kayan a ciki. Kada wannan ya ruɗe ki, 'yar uwa, sallama ce kawai. Ki ɗiga a wuyan hannu, ki murza, ki ba ta minti 15 ko 20. Sai kaifin ya kwanta, sandal ya taso a hankali da laushinsa da ɗuminsa, sai kuma wani ɗan hayaƙi-hayaƙi mai gishiri ya biyo baya, wanda ba za ki iya kama sunansa ba amma za ki riƙa kai hannu hanci kina nema. Zuwa la'asar miski ya karɓi ragama. Zuwa dare kuwa, wayyo Allah, zuwa dare ƙamshin ya gama narkewa da fata har ba a iya raba su. Ba ka cewa wance ta shafa turare, cewa kake yi wance tana ƙamshi. Wannan matakin na ƙarshe shi ne abin da nake ƙauna a humra, kuma ban samu irinsa a wata kwalba ba.

Akwai dalilin da ya sa take kai wa dare. Kowane turare haɗin abubuwa ne masu nauyi daban-daban. Masu sauƙi, irin su lemo da ganyaye, su ne ke fara tashi, cikin mintuna sun bi iska. Furanni sukan ɗan jima. Itace da ƙaro da miski su ne ke kwana. Turaren fesawa da aka rubuta wa eau de toilette a kwali yakan ɗauki man ƙamshi kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, eau de parfum kuma kamar kashi 15 zuwa 20, kuma yawancinsu an ƙawata bakinsu da waɗannan masu saurin tashi, don su ne ke jan mai saye a kanti. To ki auna da bikinmu. A watan Afrilu zafin Maiduguri da Kano da Damagaram yakan haura digiri 40. Amarya na cikin leshi mai nauyi, ga ɗauri, ga mayafi, ga fitilun masu hoto, ga ƙawaye da gwaggwanni sun yi mata rumfa. Zufa ce ke tsiyaya. A irin wannan yanayi turare mai sauƙi ba ya kai wa azahar. Ita kuwa humra kusan gaba ɗayanta daga masu kwana aka gina ta, zafin jiki ma tashinta yake yi. Amarya na gumi, ƙamshi na ƙaruwa. Ina za a samu abin da ya dace da bikin Bahaushe kamar wannan?

Sirrin baƙar humra kuwa farce ne, kuma a nan nake son in daɗe. Wanda bai sani ba zai ɗauka wasa ake. Farce murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, ɗan fallen ƙaho mai duhu da dabbar ke rufe ƙofar gidanta da shi idan ta shige ciki. Daga gaɓar Bahar Maliya da tekunan da ke kusa ake kawo shi, kuma mutanen wannan yanki sun daɗe ƙwarai suna sa shi a turaren hayaƙi. Ɗanyensa ƙarni yake yi, ƙarnin da zai sa ki kau da kai. Sai an jiƙa shi, an kankare duk naman da ya maƙale, an wanke an sake wankewa, an shanya, sannan a soya shi a kan wuta har ya kumbura ya yi ƙaras, a daka a tankaɗe. Aiki ne na haƙuri, kuma a nan ake gane hannu. Wadda ta yi gaggawa humrarta za ta riƙa ɗan ƙarni can ƙasa, wadda ta bar shi ya ƙone kuma ƙauri zai biyo. Amma wadda ta iya, Masha Allah! Farce a humra kamar daddawa ne a miya: shi kaɗai ba ya shaƙuwa, amma cire shi ka ji yadda komai ke zama salam. Shi ke riƙe sauran ƙamshin kada su gudu, shi ke ba ta wannan duhun launi da wannan zurfin da ke sa mutum ya lumshe ido. Duk lokacin da na shaƙi humra mai kyau nakan tuna matan da suka zauna suna kankare farce ɗaya bayan ɗaya, sai girmansu ya ƙaru a idona.

Sandal shi ne gadon da komai ke kwanciya a kai. Mafi shahara shi ne na yankin Maisur a kudancin Indiya, kuma ƙamshin a zuciyar itacen yake, wadda ba ta nuna sai bishiyar ta shekara 15 ko fiye. Shi ya sa na gaske yake da tsada, shi ya sa kuma yanzu ake noma shi a Ostireliya don cike giɓi. Masu bin haɗin Sudan suna ƙara mahalab, ƙwayar wani ɗan itace na ƙasashen Sham da Turkiyya mai ƙamshi mai ɗan zaƙi da ɗan ɗaci. Kanumfari na kawo ɗumi. Miski, wanda asalinsa daga jikin wata barewar duwatsun Asiya ake samu, yau kusan duk wanda ke kasuwa haɗin masana'anta ne, kuma hakan bai rage masa daɗi ba. Sai a zuba madarar turare iri-iri da ruwan turare a kai, kowace mace da ma'auninta da ba ta faɗa wa kowa sai 'yarta. A girgiza, a rufe, a ajiye a wuri mai duhu ta tsumu.

Wannan sana'a tana da dangi a gabas. A Sudan, kafin biki, matan dangin amarya kan taru rana guda musamman don dakan turare, ana daka ana guɗa ana waƙa, su haɗa humrar amarya da turaren wutarta. Dilka da halawa da zaman hayaƙi na dukhan da masu gyaran jikinmu ke yi yau duk akwai su can, da sunayen nan. Ba abin mamaki ba ne. Alhazanmu sun yi shekaru aru-aru suna bin hanyar ƙasa daga Kano zuwa Barno, su ratsa Chadi ta Abeche, su shiga Darfur, su wuce El Obeid har bakin Bahar Maliya, wasu su yi shekara da shekaru a hanya, wasu su zauna can gaba ɗaya. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu Shuɗi mutanenmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Ga kuma Larabawan Shuwa da ke zaune daga Barno har cikin Chadi da Sudan. Kaya sun tafi sun dawo, hannu ya koya daga hannu. Matan Barebari da na Shuwa suka riƙe abin da kyau har ya zama idan aka ce ƙamshi a Arewa, Maiduguri ake fara tunawa. Ni dai na sara musu.

Ba zan wuce ba tare da na yi wa Bintu Sudan kirari ba, don 'yar ƙaramar kwalbar nan tana cikin humrar gidaje da yawa, kuma ita kanta turaren amare ce tun zamanin kakanninmu. Kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fitar da Bint el Sudan a 1920, bayan wani wakilinsa mai suna Eric Burgess ya je Sudan. Ke nan ta girmi Chanel No. 5, wanda ya fito a 1921, da shekara guda. Mai ce zalla, babu barasa a cikinta, abin da ya sa Musulmi suka karɓe ta hannu bibbiyu, kuma an daɗe ana sarrafa ta a nan Kano. Kwalbar mililita 12 ce kacal, da hoton budurwar Sudan a jiki. Ƙamshinta furanni ne masu kauri, yasmin a gaba, miski da itace a baya. Yaran yanzu sukan ce turaren tsofaffi ne. Ni kuwa na ce su ɗiga ɗigo biyu a cikin humra su dawo mu yi magana! Tana zagaye kaifin farce, tana ƙara wa sandal zaƙi, tana kawo wani abu da hancin Bahaushe ya sani tun yana goye. A Sudan ma haka suke yi da tsofaffin turarukan Faransa irin su Rêve d'Or na gidan L.T. Piver, su tsiyaya su cikin haɗin. Humra ba ta ƙyamar baƙo, jawo shi take yi ya zama ɗan gida.

Sai dai humra ba ita kaɗai ke aikin ba, kuma wannan shi ne abin da kwalbar kanti ba za ta taɓa iya ba amarya ba. Ƙamshin amarya hawa-hawa ake gina shi. Tun ana saura mako biyu ko fiye mai gyaran jiki ta fara: halawa ta cire gashi, dilka ta murje fata, sannan a zauna a kan hayaƙin dorot a lulluɓe da bargo har zufa ta karyo, fata ta sha hayaƙi ta yi santsi ta ɗauki wani launi mai kyau. A gefe guda kayan sawa na shan nasu. A zuba garwashi a kasko, a barbaɗa turaren wuta, wanda shi ma gutsattsarin sandal ne ko gab-gab ko hawi ko kajiji da aka soya da narkakken sukari da madarar turare, a kifa kabbasa a kai, a shimfiɗa lafaya da zani da mayafi su sha har zare ya ƙoshi. Gashi kuma a shafa masa kulacham kafin kitso. Idan ranar ta zo aka ɗora humra a kan wannan duka, ba baƙuwa ta zo ba, gida ta tarar an share mata. Shi ya sa idan amaryar Barno ta gifta, ƙamshin ba daga wuri guda yake fitowa ba. Daga gashi yake, daga tufa, daga fata, daga ko'ina. Kai, abin sai wanda ya shaƙa!

Ga yadda nake raba wa amare kwanakin biki. Ranar kamu da sa lalle, da yake da rana ake yi kuma dangin ango ma za su feshe ta da nasu turaren, farar humra ta fi dacewa. Ita ba ta da farce mai yawa, miski ne ya rinjaye ta, tana da haske da sanyi, ba ta faɗa da wani ƙamshi. Daren dina, idan ana yi, nan ne wurin turaren zamani ga mai so. Baccarat Rouge 540 na Francis Kurkdjian yana da kyau ƙwarai, Shaghaf Oud na Swiss Arabian da Yara na Lattafa su ma ina jin daɗinsu. Abin lura kawai shi ne sun karɓu sosai, ta yiwu ƙawaye uku a teburi guda su ma shi suka fesa. Amma ranar ɗaurin aure da daren kai amarya, wannan na baƙar humra ne, ba na raba shi da kowa. Barebari da ke yin wushe-wushe sun riga kowa sanin haka.

Kuma ga babban dalilina. Hanci yana da hanya ta kusa zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe tunani da motsin zuciya, shi ya sa ƙamshi ke dawo da mutum wani lokaci da ya wuce fiye da yadda hoto ke yi. Turaren da amarya ta shiga ɗakinta da shi, shi angonta zai riƙa tunawa da ita da shi har tsufa. To me ya fi kyau kamar a ce wannan ƙamshin nata ne ita kaɗai? Humra ba ta fitowa iri ɗaya daga hannu biyu. Ko hannu guda ne, haɗin bana ba zai zama na bara sak ba. Amarya na iya zama da mai haɗawa ta ce a ƙara mata sandal, a rage kanumfari, a sa ɗan wardi. Wata dattijuwa da nake saye a wurinta takan kama hannun yarinya ta shafa mata kala uku a wurare daban-daban, ta ce, "Je ki gida, 'yata, ki yi aikinki, ki yi zufa. Gobe ki dawo ki gaya mini wadda ta kwana da ke." Ba ta karɓar kuɗi a ranar farko ko an miƙa. Ina ƙaunar wannan tsari. Turare ake zaɓa, amma ji kake kamar ɗinki ake auna wa mutum.

Hanyar dattijuwar nan ita ce hanyar zaɓe, babu wata. Kada ki yanke hukunci daga bakin kwalba, kuma kada ki dogara da yadda ta yi a jikin ƙawarki, don fata ta bambanta. Kada ki gwada fiye da uku a zama guda, hanci kan gaji ya daina rarrabewa. Ki tambayi mai sayarwa yaushe aka haɗa. Sabuwar humra takan yi ihu, kayan cikinta kowa na jan nasa, wadda ta tsumu kuwa murya ɗaya take magana da ita. Saboda haka da an sa rana ki ba da aikin, kada ki bari sai ana saura mako. Ki ɗaga kwalbar ki duba: ta gaske takan yi gari-gari a ƙasa, sai an girgiza kafin a shafa. Idan kin ji ƙarni ko ƙauri bayan ta kwanta a fata, ki ajiye ki nemi wani hannun.

Wajen shafawa akwai abubuwan kiyayewa kaɗan, kuma ina faɗinsu ne don ina son humra ta fita kunyar kowa. Baƙar tana naso. Kada ta kusanci farin leshi ko shadda mai haske. A fata ake shafa ta, bayan kunne, ƙeya, wuyan hannu, lanƙwasar gwiwar hannu, a bari ta bushe kafin a sa kaya, tufa kuma a bar wa hayaƙi. Fatar da aka yi wa halawa jiya tana da saurin jin zafi, a ba ta kwana biyu, kuma a fara gwada ɗan kaɗan a hannu tun da wuri don gudun ƙaiƙayi. Abu na ƙarshe: bayan ɗan lokaci amarya za ta daina jin ƙamshin kanta, ta ɗauka ya tafi. Bai tafi ba, hancinta ne ya saba. Babbar ƙawa ta riƙe kwalbar, ita za ta faɗi lokacin ƙari. A kuma tuna da masu asma da jarirai da ke cikin taro, a kai kaskon turaren wuta inda iska ke wucewa.

Ango fa? Nasa mai sauƙi ne. Ɗigon man oud mai kyau a gemu da wuyan hannu, babbar riga ta sha hayaƙin sandal tun daren jiya, shi ke nan. Oud da humra 'yan uwan juna ne, itace da itace, ba sa hamayya. Abin da nake roƙon angwaye shi ne kada su yi wanka da turaren fesawa mai kaifi su danne aikin da aka yi makonni ana ginawa. Ranar ta amarya ce, a bar ƙamshinta ya yi sallama kafin nasa.

Maganar kuɗi kuma, humra mai farce na gaske da sandal na gaske ba ta arha, kuma bai kamata ta yi arha ba idan aka dubi wahalar da ke cikinta. Duk da haka kwalbar da za ta kai amarya wata da watanni ba ta kai kuɗin kwalba guda ta manyan gidajen turaren Faris ba, ga shi ɗigo kaɗan ke wadatarwa, ga shi kuma kuɗin hannun wata uwa yake shiga, wadda da shi take ciyar da gida. Idan an kiyaye ta daga rana da zafi, aka toshe bakin da kyau, ƙara daɗi take yi da daɗewa. Don haka shawarata ga uwar amarya: Hajiya, a sa a haɗa kwalba biyu manya daga haɗi guda, a ɓoye ɗaya a ƙasan akwati. Ta farkon ba za ta kai ƙarshen wata ba, don daga ranar buɗar kai dangin miji da ƙawaye za su fara zuwa da 'yan kwalabensu suna cewa a ɗan tsiyaya musu, kuma amarya ba ta iya cewa a'a.